Filin da ke Bayan Tashar Jirgi

Na shafe shekara ashirin da 'yan kai ina alƙalancin ƙwallon ƙafa a unguwannin Jos. Sana'ata ta ainihi gyaran agogo ce. Ina da ɗan teburi mai gilashi a Taminus, tsakiyar gari, inda nake zama daga safe har la'asar, sannan in tattara in koma gida Anguwan Rogo. Busa usur aikin Asabar da Lahadi ne. Ban taɓa mallakar mota ba, ko babur ban taɓa saya ba, don haka duk filin da na hura wasa a cikinsa a keke-napep ko tasi na je, takalmana da baƙar rigata a jaka, ragowar hanyar kuma a ƙafa. Wannan ya sa na san filayen garin nan ta fuskar da masu motoci ba su sani ba. Idan aka ambaci fili, kafin in tuna ciyawarsa ko tsakuwarsa, abin da ke fara zuwa mini shi ne inda direba zai sauke mutum, da minti nawa za a taka daga nan.

Wata shekara, damina ta yi tsakiya, ƙungiyoyin unguwanni takwas suka shirya gasar cin kofi. An daɗe ba a yi irinta ba, kowa a unguwarsa yake buga abinsa. Aka kafa kwamiti, aka sa ni ciki a matsayin babban alƙali. Shugaban kwamitin wani Alhaji ne mai sayar da itatuwan gini a kasuwar Katako, mutum ne mai son ƙwallo har cikin ransa. Shi ya sayo kofin, shi ne kuma uban ƙungiyar Katako.

A zamanmu na farko, a rumfarsa, cikin ƙamshin sabon katako da ƙarar injin yanka, ya ba mu albishir. Ya ce yana da fili can bayan gari, idan an wuce Farin Gada an miƙa hanyar Zariya, sai a ratse hagu. Ya sa an baje shi da katafila, an shuka ciyawa, ya kafa turakun raga da katakonsa mafi kyau. A can za a yi gasar gaba ɗaya. Ya zagaya da wayarsa muka ga hotuna. Gaskiya filin ya yi kyau, kore shar, duwatsu sun kewaye shi.

Kowa ya yi ta sa albarka. Ni kuma na ce, "Alhaji, daga bakin titi zuwa filin, keke na shiga?"

Ya ce, "Ɗan taƙi ne. Ni minti biyar nake yi."

"A mota ke nan, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya ce, "Rafali, kai dai ka tanadi usur ɗinka. Ɗan ƙwallon da ba zai iya taka ɗan wannan ba, ta yaya zai yi gudun minti casa'in?"

Mutum ɗaya ne ya goyi bayana, kocin ƙungiyar Daɗin Kowa. Tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, dogo, mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta wanda ya koye ta a kasuwa da filin wasa. Ya ce, "Oga Alhaji, yara na suna aiki. Wani yana gareji, wani yana shago. Sai an tashi kafin su kama hanya. Wurin nan ya yi nisa fa." Aka yi masa ca, wani ya ce tsoron Katako yake ji tun ba a fara ba. Koci ya ɗaga hannu biyu ya bar maganar. Aka jefa ƙuri'a, wasan buɗe gasa ya faɗo tsakanin Katako da Daɗin Kowa, ranar Asabar ƙarfe huɗu.

Ranar na rufe teburina tun azahar. Na hau keke daga Taminus zuwa Farin Gada, na jira tasi mai miƙa hanyar Zariya ta cika, aka sauke ni a mararrabar da aka kwatanta mini. Akwai keke biyu a gindin wata bishiya. Na ce su kai ni filin Alhaji, ɗaya ya dubi hanyar ya ce ko nawa zan ba shi ba zai sa kekensa a wannan taɓon ba. An yi ruwa da safe, jar ƙasar ta zama kamar kunu. Na naɗe ƙafar wandona na kama tafiya. Na duba agogo da na fara, na duba da na isa: minti talatin da takwas.

'Yan Katako suna can tuni, Alhaji ya kwaso su a motar da yake dakon katako da ita. An kafa rumfa, an jera kujerun roba kusan ɗari, an ɗora kofin a kan teburi da jan kyalle. 'Yan kallo na ƙirga su da idona, ba su kai ashirin ba, har da wani makiyayi da ya jingina da sandarsa yana kallonmu, shanunsa na kiwo a bayan raga.

Ƙarfe huɗu ta yi, babu Daɗin Kowa. Huɗu da rabi, babu su. Dokar gasar da ni kaina na rubuta ta ce idan ƙungiya ta makara da rabin awa, an ba abokiyar karawarta nasara. Kyaftin ɗin Katako ya zo ya tsaya a gabana yana nuna mini agogon hannuna. Na ce na gani.

Biyar saura kwata sai ga Koci ya ɓullo ta tsakanin duwatsu, 'yan wasa bakwai na biye da shi, taɓo har gwiwa, ɗaya na ɗauke da buhun riguna a ka. Ya ce sauran suna Farin Gada ba su sami mota ba, mai tsaron gidansu ma yana cikinsu. Tasi suka hau daga Daɗin Kowa zuwa Taminus, keke zuwa Farin Gada, wata tasi zuwa mararraba, sannan ƙafa. Bai roƙe ni komai ba. Ya zauna a kan dutse yana kankare takalminsa da tsinke.

Alhaji ya kira ni gefe. "Rafali, doka doka ce. Ka busa a ba mu makinmu, mu tashi kafin hadarin can ya iso."

Na ce, "Alhaji, ba zan busa ba."

"Kai ka rubuta dokar nan."

"Ni na rubuta. Na rubuta ta ne saboda ƙungiyar da ta yi sakaci. Waɗannan ba sakaci suka yi ba, hanya ce ta hana su. Zan rubuta cewa wasa bai yiwu ba, a sake sa rana."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a gaban jama'a zan kunyata shi, bayan duk wahalar da ya sha. Ya ce alƙalai ba su ƙare a Jos ba. Na ce haka ne, yana iya nemo wani, amma yau dai ni ne a fili, kuma na gama magana. Na cire usur daga wuyana na sa a aljihu. Ban ji ko ɗar ba, domin na san abin da ƙafafuna suka auna. Muna cikin haka ruwa ya sauko da ƙanƙara, irin na Jos mai dukan kai, kowa ya ruga ƙarƙashin rumfa. Da ya ɗauke, Alhaji ya shiga motarsa a fusace. Amma ya umarci direban motar katakon ya kwashi kowa har da 'yan Daɗin Kowa zuwa cikin gari. Wannan halinsa ne, fushinsa bai taɓa hana shi kyauta ba.

Washegari na tafi wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata. Ya yi aikin reluwe shekaru masu yawa, shi ke sauya wa jirgi layi a tashar Jos, kuma bayan ya yi ritaya bai yi nisa da tashar ba. Na same shi a ƙofar gida yana shan rana da hular sanyi. Na kwashe labari na faɗa masa.

Ya ce, "Ku yaran yanzu kuna da abin mamaki. A zamaninmu ranar babban wasa jirgi zai iso cike, tun daga Kafanchan ake shigowa, a ɗebi na Bukur a hanya. Mutane su sauko su miƙe a ƙafa zuwa babban filin cikin gari, kafin rake ɗaya ya ƙare a bakinka ka isa. Waɗanda suka yi filin can ba wawaye ba ne da suka ajiye shi kusa da tasha. Jirgin ne ya yi ƙaranci yanzu, amma ina duk motocin garin nan suke juyawa?"

Na ce, "Taminus."

"To, me ya kai ku daji?"

Na ce babban filin cikin gari ya fi ƙarfinmu, manyan ƙungiyoyi ke amfani da shi. Ya ce ba shi yake nufi ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi.

Muka bi ta bayan tashar, muka tsallake layin dogon da ciyawa ta fara rufewa, muka wuce wasu tsofaffin taragai da ke tsaye. Bayan gidajen ma'aikata sai ga wani fili. Shekara nawa ina zaune a Taminus, ban taɓa sanin yana nan ba. Kawu ya ce nan ma'aikatan reluwe suke buga tasu ƙwallon a da, shi kansa ya tsare gida a nan. Ba shi da kyan gani. Rabinsa tsakuwa ne, rabi ciyawa mai kai wa ƙugu. Ya ɗan karkata ta gefen gabas. Wani makanike ya ajiye matattun motoci uku a kusurwa ɗaya, mata kuma sun ɗaura igiyar shanya daga wani tsohon turken ƙarfe. Na auna shi da taku, tsawo da faɗi. Ya isa, har da 'yar rara ta 'yan kallo. Daga nan na taka zuwa inda tasin Bukur da Daɗin Kowa ke sauke mutane: minti shida. Zuwa inda keken Anguwan Rogo da na Katako ke tsayawa: minti takwas.

Kawu ya kai ni wurin dattijon da ke shugabantar mazauna gidajen, tsohon abokin aikinsa. Ya saurare ni har na gama, ya kafa sharuɗɗa uku: kada a buga wasa ranar Lahadi da safe lokacin da mutane ke coci, a tsaya idan lokacin salla ya yi, kuma duk gilashin tagar da ƙwallo ta fasa mu gyara shi a ranar. Na amince. Ya ce zai kai maganar ofishin reluwe da kansa, kuma ya kai, aka yarda.

Saura Alhaji. Na san idan na je da baki kawai ba zai ji ba, ga shi da sauran fushi. Ranar Talata da hantsi na same shi a rumfarsa. Ya amsa gaisuwata a taƙaice yana duba wasu falankai.

Na ce, "Alhaji, alfarma ɗaya na zo nema. Idan ka yi mini ita, duk abin da ka yanke bayan nan na bi, ko da cire ni ne."

"Ina ji."

"Ka ajiye makullin motarka, mu je filinka yadda ɗan kallo zai je."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Masu aikinsa sun tsaya suna sauraro, kuma Alhaji ba mutum ne da zai bari a ce ya ji tsoron tafiya ba. Ya jefa makullin cikin aljihun teburi ya ce, "Mu je. Yau zan nuna maka kasala ce kawai ke damun mutane."

Yana sanye da farar shadda da takalmi sau-ciki. Ya ce rabonsa da shiga keke ya manta. Muka matsu a baya tare da wata mata mai kwandon kabeji, kwandon rabi a cinyarta rabi a tasa. A Farin Gada muka tsaya jiran tasi ta cika, aka sa mu mu biyu a kujerar gaba, gwiwarsa na gugar giya duk lokacin da direba ya canza. A mararraba ya nufi masu keken nan da ƙarfin gwiwa, ya ce su kai mu. Suka ce hanya ba ta bushe ba. Ya ce shi ne mai filin. Suka ce sannu da zuwa, Alhaji, amma hanya ba ta bushe ba.

Muka taka. Da farko yana gaba yana ba ni labarin irin ciyawar da ya shuka. Can labari ya ragu. Takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo, sai da na riƙe masa hannu ya zaro shi. Gefen shaddar ya koma ja. Da muka kai wani faffaɗan dutse ya zauna yana haki, ya cire hula yana fifita da ita.

"Minti nawa muka yi?"

"Ashirin da biyar daga titi. Saura kamar sulusin hanya."

Ya dubi ragowar hanyar.

Na ce, "Mu daga Katako muka taso, Alhaji. Ɗan Daɗin Kowa ya riga ya hau mota ɗaya ya ratsa gari kafin ya iso inda muka fara. Idan an tashi wasa kuma, magariba ta kawo kai, haka zai sake takowa ya tsaya bakin titi yana jiran abin da zai ɗauke shi. Mai shago ba zai rufe shagonsa don wannan ba. Dattijo ba zai zo ba. Mace mai sayar da masa ba za ta ɗauko tandarta ta kawo nan ba."

Ya ɗaga kai ya hango filin nasa daga nesa, kore shar a tsakanin duwatsu. Na ga abin ya taɓa shi, domin ya kashe wa wurin nan zuciyarsa. Ya ce, "Amma ka ga kyansa, Rafali."

"Na gani. Babu kamarsa a duk filayen da na hura wasa."

Ya ciro waya ya kira direbansa ya ce ya zo ya same mu, ya ce na yau ya isa haka. A cikin motar na ba shi labarin filin bayan tasha. Washegari da safe ina buɗe teburina sai na gan shi yana saukowa daga keke a gabana, shi kaɗai, wannan karon da takalmin roba. Ya ce, "Keke ɗaya na hau. Ina wurin yake?"

Muka taka tare. Ya zagaya filin hannu a baya, ya shuri tsakuwa, ya leƙa cikin matattun motocin. Ya ce wannan ai juji ne. Ya ce karkatar nan za ta sa ƙwallo ta riƙa gangarawa gefe guda. Ya kushe shi tas. Sannan ya ce, "Turakun ragar can nawa ne, da kuɗina na yi su. Gobe za a ciro su a kawo nan. Kuma a nemo mai motocin nan ya kwashe tarkacensa."

Kwana tara muka yi muna aiki. Kowace ƙungiya ta turo mutane da adda da shebur bayan an tashi daga sana'a, kuma sun zo, saboda zuwan ba wuya. Koci ya kawo nasa da manjagara suka tsince tsakuwa layi-layi. Motar Alhaji ta kawo yashi da garin katako aka cike ramuka. Makaniken ya yi gardama kwana biyu, a na uku 'yan wasa suka taru suka tura masa motocin har ƙofar garejinsa yana tafe yana ba da umarni. Matan gidajen aka kafa musu sababbin turakun shanya a bayan ɗakunansu. Ni na ja layuka da farar ƙasa, da igiya da ƙusa, Kawu na zaune a kan kujera yana gaya mini inda na karkace.

Asabar ɗin da aka sake sa wasan, tun uku da rabi na ga abin da ban taɓa gani ba a wasan unguwa. Mutane na ɓullowa ta kowace kusurwa. Masu shagunan Taminus sun ja ƙofa sun taho da makullai a hannu. Waɗanda suka sauko daga tasin Bukur suka ji hayaniya suka biyo sahu. Direbobin keke suka jera kekunansu a bakin hanya suka hau kan rufin tsofaffin taragai don su hango da kyau. Ga masu masa, ga masu awara, ga mai soya dankali, ga mai gasa masara. Dattawan gidajen reluwe suka fito da kujerunsu. 'Yan Daɗin Kowa sun iso su goma sha takwas cif, saura minti arba'in a fara, har suka sami lokacin motsa jiki. Koci ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Oga Rafali, mota ɗaya kawai. Ko gumi ba mu yi ba."

Aka idar da sallar la'asar, na busa.

Wasa ya yi zafi. Katako suka fara ci kafin hutun rabin lokaci, da wata ƙwallo da karkatar filin ta taimaka mata ta kauce wa mai tsaron gida. Alhaji ya miƙe tsaye yana kaɗa hula, ya manta shi ne ya kushe karkatar. Bayan an dawo, an juya gefe, Daɗin Kowa suka rama da ka. Sau biyu ƙwallo ta faɗa kan layin dogo aka tsallaka aka ɗauko. Taga ɗaya ta fashe, kafin a tashi an aika a yanko gilashi.

Saura minti huɗu a tashi, ɗan gaban Daɗin Kowa ya kutsa cikin da'irar Katako. Mai tsaron bayan Katako, wanda ɗan ƙanen Alhaji ne, ya zo ta baya ya kwashe masa ƙafa. Na busa, na nuna wurin bugun fanareti. Fili ya kaure da ihu, rabi na murna rabi na zagina. Alhaji ya taso har bakin layi yana rantsuwa cewa ƙwallo yaron ya taɓa. Na ɗaga masa hannu na ce ya koma kujerarsa, ya koma. Aka buga, ta shiga. Daɗin Kowa biyu, Katako ɗaya.

Kafin a kira magariba fili ya watse, kowa ya sami abin hawa. A nan aka ƙarasa gasar, wasa bayan wasa, kuma ba a sake samun ƙungiyar da ta makara ba. Kofin bai je Katako ba, bai je Daɗin Kowa ba, wata ƙungiya ce daga wajen Bukur ta ɗauke shi, Alhaji ya miƙa musu da hannunsa. Bai cire ni ba. Shekara biyar muka ƙara yi tare a kwamitin, har gwiwata ta dama ta ce in ajiye usur.

Abu ɗaya ne ba mu daidaita a kansa ba. Har yau idan muka haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, bayan an gaisa an tambayi iyali, sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Rafali, tsakaninka da Allah, wannan ba fanareti ba ne." Ni kuma in ce masa fanareti ne. Taku biyar ne tsakanina da wurin, kuma babu wanda ya tare mini gani.